Yabo Ya Yawaita, Tasiri Ya Ragu: Nazari Kan Yadda Masu Sharhi Ke Karɓar Sabbin Kundayen Indi Rok da Kiɗan Lantarki

A fagen sharhin kiɗa na Amurka da Birtaniya, shekaru ashirin da suka gabata sun zo da abubuwa biyu waɗanda a ido suke kama da masu karo da juna. Na farko shi ne makin da masu sharhi ke bai wa sabon albam, wato kundin da mawaƙi ke tara waƙoƙinsa goma ko fiye ya fitar a lokaci guda, ya yi ta hawa har ya zama abin mamaki a ga jarida ta yi wa wani kundi kaca-kaca. Na biyu shi ne ikon da sharhi yake da shi na ɗaga mawaƙin da ba a sani ba, ko na kayar da wanda ya fara tashe, ya ragu ƙwarai idan aka gwada da yadda yake tsakanin 2000 da 2010. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne, kuma babu waɗanda suka fi jin su a jika kamar masu kiɗan indi rok da masu kiɗan lantarki, domin su ne suka fi kowa dogaro da alƙalamin mai sharhi tun asali.

Indi rok suna ne da ake kiran kiɗan jita da ganga da murya wanda ƙananan kamfanonin faifai masu cin gashin kansu ke fitarwa, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwar duniya. Daga cikinsu akwai Rough Trade da Domino a Landan, da Sub Pop a Seattle, da Matador a New York, da Merge a jihar North Carolina. Da tafiya ta yi nisa, sunan ya tashi daga bayanin wanda ya mallaki kamfani ya koma bayanin salon kiɗan kansa, ta yadda ƙungiyar makaɗa za ta iya ƙulla yarjejeniya da babban kamfani a ci gaba da kiranta da shi. Kiɗan lantarki kuwa shi ne wanda ake haɗawa da na'urorin ƙirƙirar sauti da na buga ganga da kuma kwamfuta, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin sa a ɗakinsa, kuma manyan rassansa na rawa sun samo asali daga salon hawus na Chicago da tekno na Detroit, waɗanda baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1980, kafin su ƙetara Turai su haifar da kamfanoni irin su Warp da aka kafa a Sheffield a 1989 da Hyperdub na Landan da ya fara a 2004.

Dalilin dogaron waɗannan nau'o'i biyu da masu sharhi a bayyane yake. Manyan gidajen rediyo da talabijin ba su cika saka su ba, ƙananan kamfanonin ba su da kuɗin talla, mai saye kuma sai ya biya kuɗin faifai kafin ya ji abin da ke cikinsa. A wannan hali mai sharhi yana matsayin dillali ne a kasuwa, wanda ya riga mai saye ganin kaya, ya san masu kyau da marasa kyau, kuma mutuncinsa ya rataya a kan gaskiyar abin da ya faɗa. A Birtaniya jaridun mako-mako ne suka riƙe wannan aiki, musamman Melody Maker da aka kafa a 1926 da NME da ta fara fitowa a 1952, tare da shirin John Peel na gidan rediyon BBC, wanda ya gudana daga 1967 har zuwa rasuwarsa a 2004. An san waɗannan jaridu da ɗaga ƙungiya yau su kayar da ita gobe, ɗabi'ar da ta jawo musu zargi mai yawa, amma duk da haka matashin da ke wani ƙaramin gari yana jiran fitowarsu ne kafin ya san inda zai kashe 'yan kuɗinsa.

Lokacin da intanet ya fara karɓe masu karatu, shafin Pitchfork ne ya gaji wannan iko, har ya zarce inda jaridun takarda suka tsaya. Ryan Schreiber ne ya kafa shi a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ya koma Chicago, kuma abin da ya bambanta shi da saura shi ne ma'aunin makinsa da ke tashi daga 0.0 zuwa 10.0, wanda ke nuna kamar za a iya rarrabe kundin da ya cancanci 7.8 da wanda ya cancanci 8.1. A 2004 shafin ya bai wa kundin Funeral na ƙungiyar Arcade Fire ta Montreal maki 9.7, nan da nan kamfanin Merge ya rasa isassun faifan da zai biya bukatar masu saye, kuma shekaru bakwai bayan haka ƙungiyar ta lashe kyautar Grammy ta kundin shekara da The Suburbs. A 2005 ƙungiyar Clap Your Hands Say Yeah, wadda ta buga faifanta da kanta ba tare da kamfani ba, ta samu 9.0 ta zama abin magana a cikin 'yan makonni. Ta ɗaya ɓangaren kuma, a 2004 ɗin nan shafin ya bai wa kundin Travistan na Travis Morrison maki 0.0, abin da ya yi wa sana'arsa mummunan lahani, a 2006 kuma aka maye gurbin sharhin kundin Shine On na ƙungiyar Jet da wani faifan bidiyon biri na cin mutunci. Wannan shi ne zamanin da masu kewar tsohon sharhi ke ambato, kuma adalci ya wajabta a tuna cewa ikon da ya ɗaga wasu shi ne ya wulaƙanta wasu ba tare da an ba su damar kare kansu ba.

Babban abin da ya karya wannan iko shi ne sauƙin jin kiɗa ba tare da saye ba. Tun daga Napster a 1999 jama'a suka fara musayar waƙoƙi kyauta, amma a wancan lokaci sai mutum ya san sunan abin da yake nema, don haka sharhi ya ƙara daraja maimakon ya rage. Lamarin ya sauya ne da zuwan manhajojin sauraro irin su Spotify, wadda ta fara aiki a Suwidin a 2008 ta shiga Amurka a 2011, musamman bayan 2015 lokacin da ta fara haɗa wa kowane mai sauraro jerin waƙoƙinsa na mako bisa lissafin kwamfuta da ke bin diddigin abin da ya saba ji. Daga nan tambayar da sharhi ke amsawa, wato ko kundi ya cancanci a kashe masa kuɗi, ta rasa nauyinta, domin mai karatu zai iya latsa waya ya ji da kunnensa kafin ya gama sakin layin farko, kuma aikin nuna masa sabon abu ya koma hannun na'ura wadda ba ta gajiya kuma ba ta neman albashi.

Kuɗin da ke riƙe jaridun ma ya bi wannan hanya. Tallace-tallace sun koma Google da Facebook, sai mujallun suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya: Melody Maker ta narke cikin NME a ƙarshen 2000, NME ta koma rabawa kyauta a 2015 sannan ta daina fitowa mako-mako a takarda a watan Maris na 2018, mujallar Q ta rufe a 2020, a shekarar ce kuma Mixmag, wadda ta daɗe tana bin kiɗan rawa, ta dakatar da bugun takarda. Kamfanin Condé Nast ya sayi Pitchfork a 2015, a watan Janairun 2024 kuma ya mayar da shi ƙarƙashin mujallar GQ tare da sallamar ma'aikata da dama, ciki har da babbar editarsa Puja Patel. Kasuwar Bandcamp, inda ƙananan mawaƙa ke sayar da kiɗansu kai tsaye kuma take da sashen rubuce-rubuce mai bin kiɗan da ba a cika waiwaya ba, an sayar da ita sau biyu a tsakanin 2022 da 2023, a karo na biyu aka sallami kusan rabin ma'aikatanta.

A nan ne ake samun bayanin hawan maki, kuma bayanin ya fi ƙarfin cewa masu sharhi sun zama matsorata. Jaridar Wall Street Journal ta duba shafin Metacritic a 2017, shafin da tun 2001 yake tattara makin jaridu daban-daban ya fitar da matsakaici a kan 100, ta gano cewa a cikin kundaye sama da 7,000 da aka auna tsakanin 2012 da 2016, takwas kacal ne suka faɗa rukunin ja, wato na ƙasa da maki 40. Babu mai hankalin da zai yarda cewa munanan kundaye sun ƙare a duniya a waɗannan shekaru. Abin da ya faru shi ne an daina rubutu a kansu. Editan da ke da gurbin sharhi huɗu ko biyar a rana, alhali sabbin waƙoƙin da ake ɗorawa a manhajojin sauraro sun haura 100,000 a kowace rana, ba shi da dalilin ɓata gurbi wajen sukar ƙaramar ƙungiyar da babu wanda ya san ta. Marubuci mai zaman kansa kuma, wanda ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane sharhi, yakan nemi a ba shi kundin da yake so ne, domin zai kwana yana sauraron sa. Ta haka shiru ya maye gurbin suka, kuma ga ƙaramin mawaƙi shiru ya fi suka ciwo, saboda sharhi mai zafi yana aƙalla shaida wa duniya cewa an yi aikin, kuma akwai masu karatun da sukar kan tunzura su su je su ji da kansu.

Akwai wasu dalilai da suka ƙara wa wannan ƙarfi. Jaridun da suka rage suna bukatar mawaƙa don hira da hotuna da kuma bukukuwan kiɗa da wasunsu ke shiryawa, kamar wanda Pitchfork ya riƙa gudanarwa a Chicago daga 2006 zuwa 2024, kuma yana da wuya jarida ta soki wanda take fatan ya hau dandalinta bana. Magoya bayan manyan taurari a kafofin sada zumunta sun mayar da suka abin haɗari: a 2020 an tsangwami wadda ta rubuta sharhin kundin Folklore na Taylor Swift duk da makin 8.0 da aka ba shi, a 2024 kuma mujallar Paste ta buga sharhin wani kundin mawaƙiyar ba tare da sunan marubucin ba domin kare lafiyarsa. Ƙananan ƙungiyoyin indi rok ba su da irin wannan runduna, amma ɗabi'ar taka-tsantsan da marubuci ya koya a wajen manya ba ya ajiye ta idan ya zo kan ƙanana.

Sai kuma gaggawa, wadda ta fi kowane dalili lalata ingancin hukunci. A da akan aika wa jaridu faifai makonni kafin fitowarsa, amma tsoron satar fasaha ya rage wannan, sannan aka shiga yayin fitar da kundi ba zato, kamar yadda Radiohead ta sanar da In Rainbows kwana goma kacal kafin sakinsa a 2007, da yadda My Bloody Valentine ta saki kundinta a 2013 bayan sama da shekaru ashirin tana shiru. Tun watan Yulin 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar fitar da sabbin kundaye a duniya, wanda ke nufin duk jaridu suna tsere a rana ɗaya kan kundaye ɗaya. Tarihin waɗannan nau'o'i biyu ya nuna cewa hukuncin farko yakan kauce. Kundin Kid A na Radiohead, inda ƙungiyar jita ta rungumi na'urorin lantarki a 2000, ya raba kan masu sharhi a Birtaniya har Melody Maker ta yi masa mummunar suka, amma da shekarun 2000 suka ƙare Rolling Stone da Pitchfork da jaridar Times ta Landan duk suka zaɓe shi gwarzon kundin zamanin. Shi kansa Pitchfork a 2021 ya sake auna wasu tsofaffin makinsa, ya ɗaga Discovery na Daft Punk daga 6.4 zuwa 10, ya ɗaga kundin Liz Phair na 2003 daga 0.0 zuwa 6.0, ya kuma rage wa Turn On the Bright Lights na Interpol daga 9.5 zuwa 7.0. Marubucin da ya san wannan tarihi, aka kuma ba shi kwana ɗaya ko biyu, hanyar da ta fi masa aminci ita ce ya yaba daidai wa daida ya ajiye maki a tsakanin bakwai da takwas.

Wani sauyin na tunani ne, kuma shi ya ƙwace wa indi rok kujerar da ya daɗe a kai. A watan Oktoban 2004 Kelefa Sanneh ya buga wata maƙala a New York Times inda ya ƙalubalanci aƙidar fifita kiɗan rok, wato ɗaukar cewa makaɗin da ya rubuta waƙarsa ya kaɗa jitarsa shi ne mai fasaha ta gaskiya, sauran kuwa 'yan kasuwa ne. Hujjarsa tana da ƙarfi, domin wannan aƙida ta daɗe tana tauye mata da baƙaƙen fata da masu kiɗan rawa, kuma a shekarun da suka biyo baya masu sharhi suka koma kyautata wa kiɗan pop zato, wato kiɗan da ake yi don kasuwa mai faɗi. Gyaran ya zo da alheri a cikin indi rok kansa, inda mata irin su Mitski da Phoebe Bridgers da Michelle Zauner ta Japanese Breakfast suka koma sahun gaba a fagen da a da samari farare suka cika. Sai dai gyaran ya haɗu da bukatar jaridu ta samun masu latsa shafi, kuma tauraruwar da ke da mabiya miliyoyi ta fi ƙungiyar da ke kiɗa a ɗakin mutum ɗari biyu kawo masu karatu, saboda haka abin da ya fara a matsayin neman adalci ya zama hujjar mayar da gurabe ga waɗanda dama ba sa bukatar taimakon kowa.

Kiɗan lantarki yana da tasa matsalar wadda ta girmi duk waɗannan. Asalin rayuwarsa a gidan rawa take, ma'auninsa kuma waƙa guda ce da DJ zai saƙa cikin wasu na tsawon sa'o'i, alhali al'adar sharhi an gina ta ne a kan kundi da baitoci da tarihin mawaƙi. Mai sharhin da ya saba fassara kalmomi yakan rasa abin kamawa idan ya tarar da sauti zalla, don haka kundayen lantarki da suka fi samun yabo su ne waɗanda suka zo da labari a gefe ko suka yi kama da abin da za a zauna a saurara. Untrue na Burial, wanda Hyperdub ya fitar a 2007, aiki ne mai zurfi ƙwarai, amma ɓoye sunan mai shi har zuwa 2008 ya ba jaridu abin rubutawa. Syro na Aphex Twin a 2014 ya zo da labarin dawowa bayan shekaru 13. Random Access Memories na Daft Punk, wanda ya lashe Grammy ta kundin shekara a 2014, an yi shi ne da makaɗa masu kaɗa kayan kiɗa da hannu irin su Nile Rodgers. Tun a shekarun 1990 aka ƙirƙiro wa irin kiɗan Warp laƙabin kiɗan rawa na masu basira, laƙabin da ke ɗauke da raini ga sauran kiɗan rawa da kuma mutanen Chicago da Detroit da suka haife shi. Kyautar Mercury ta Birtaniya, wadda aka fara a 1992, ta yi ƙoƙari a wannan fanni, domin ta karrama Portishead a 1995, ta fifita Roni Size a kan OK Computer na Radiohead a 1997, ta kuma karrama James Blake a 2013, amma ita ma kundi take aunawa. Shafin Resident Advisor, wanda ya fi kowa kusanci da gidajen rawa, ya soke ƙuri'arsa ta gwanayen DJ a 2017 bayan ya lura cewa maza ne ke cika jerin kuma jerin yana tasiri a kan wanda ake gayyata. A 'yan shekarun nan kuma kyautar Grammy ta kundin rawa da lantarki ta tafi ga Beyoncé a 2023 da Charli XCX a 2025, kundaye biyu masu inganci waɗanda suka ɗebo daga rijiyar gidan rawa, amma nasararsu ta nuna cewa sautin yana samun cikakkiyar karɓuwa ne idan tauraruwa ta ɗauko shi.

Tasirin duk wannan a kan mai karatu shi ne maki ya daina rarrabewa. Idan yawancin kundaye suna tsakanin 70 da 85, to lambar ba ta gaya wa kowa komai, kuma tsarin fitar da matsakaici yana fifita kundin da babu wanda ya ƙi a kan wanda ya raba kan jama'a, alhali a tarihin fasaha na biyun ne ya fi yawan buɗe sabuwar hanya. Jerin gwanayen kundaye na ƙarshen shekara, waɗanda yanzu ake fitarwa tun farkon Disamba, sukan yi kama da juna har mai karatu ya iya hasashen goman farko. Matasa da yawa sun koma wajen mutum ɗaya mai fuska da murya, kamar Anthony Fantano da ke sharhi a YouTube tun 2009, ko wajen shafukan da masu sauraro ke ba da maki da kansu irin su Rate Your Music, kuma abin lura ne cewa a waɗannan wurare har yanzu ana ba da maki mai ƙasa ba tare da jin nauyi ba, wanda ke nuna cewa ƙishirwar hukunci na gaskiya ba ta gushe ba. A kan mawaƙi kuwa, yabo ya daina zama abinci. Ƙungiya za ta iya samun kirari daga kowace jarida ta kasa biyan kuɗin motar yawon wasa, musamman da yake tun 2024 Spotify ta daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Idan kuma wata ƙungiya ta yi saurin ɗaukaka, kamar Wet Leg da kundinta na farko ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2022, sai a ji ana zargin cewa 'yan kasuwa ne suka dasa ta, zargin da ke nuna yadda amana tsakanin masu karatu da masu yabo ta yi rauni.

Iyakar idon masu sharhin tana fitowa fili idan kiɗan ya zo daga wajen Turai da Amurka, kuma Nijar ta ba da misali biyu. Mdou Moctar, makaɗin jita daga Abzinawan Nijar, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, da na'urar gyaran murya irin wadda ta zama ruwan dare a waƙoƙin finafinan Hausa, kuma waƙoƙinsa sun yaɗu a Sahel daga waya zuwa waya kafin kamfanin Sahel Sounds na Portland ya saka ɗaya a wani kundin haɗaka a 2011. Da kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, jaridun indi rok sun yi masa kyakkyawar tarba wadda ta buɗe masa manyan dandamali, sai dai yawancin rubutun ya tsaya kan gwada shi da Jimi Hendrix, kuma abin da aka faɗa game da baitocinsa na harshen Tamashek ya dogara ne da fassarar da aka miƙa wa marubutan. Haka nan Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset ɗin kiɗan ogan na lantarki a Yamai a 1978, an gabatar da shi a matsayin wanda aka gano lokacin da aka sake buga aikin a 2013, alhali mutanen Nijar sun shafe shekaru suna jin sautinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Tarbar alheri ce, amma ma'aunin na masu tarbar ne, kuma raguwar kuɗi a jaridu ta sa da wuya a ɗauki marubucin da ya san harshen da ƙasar.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa lissafin kwamfuta ya gaji aikin gaba ɗaya, domin abin da yake zaɓa daban ne. Waƙar Harness Your Hopes ta ƙungiyar Pavement, wadda ba ta ma samu shiga kundinsu na 1997 ba sai daga baya aka fitar da ita a matsayin ƙari, ta zama wadda aka fi saurara a cikin waƙoƙinsu a Spotify bayan shekaru kusan ashirin, sannan ta bazu a TikTok, ba tare da wani mai sharhi ya nuna ta ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne na'urar tana tura waƙar da sautinta ya fi dacewa da na sauran abin da mutum ke ji. Irin wannan tsari gwani ne wajen samo abin da ya yi kama da wanda aka riga aka so, amma ba shi da hanyar kare abin da ya saɓa wa kunne a jin farko, kuma ba ya ganin abin da ba a ɗora masa ba. A watan Maris na 2024 Cindy Lee, sunan da makaɗin Kanada Patrick Flegel ke aiki da shi, ya saki Diamond Jubilee, kundi mai waƙoƙi 32 da tsawon kusan sa'o'i biyu, a YouTube da wani tsohon salon shafin intanet kawai, ba tare da saka shi a Spotify ba. Pitchfork ya ba shi 9.1, makin da ya fi kowane sabon kundi tun bayan 10 da Fiona Apple ta samu a 2020, kuma cikin 'yan kwanaki aikin da babu wata manhaja da za ta tura wa kowa ya zama abin da masu bin wannan kiɗa ke magana a kai a ƙasashe da dama. Wannan ya faru ne watanni kaɗan bayan sallamar ma'aikatan shafin, kuma ya tabbatar da cewa maki mai tsada, wanda ba a saba bayarwa ba, har yanzu yana motsa mutane.

Waɗanda suka rage a sana'ar sun fara neman mafita ta hanyar komawa ga aljihun mai karatu. Scott Lapatine ya sake sayen shafinsa na Stereogum a 2020 ya nemi tallafin masu karatu, The Quietus na Landan ya buɗe tsarin biyan kuɗin wata-wata, wasu tsofaffin ma'aikatan Pitchfork kuma suka kafa Hearing Things a 2024 a matsayin shafin da marubutansa suka mallaka. Wannan tsari yana 'yantar da marubuci daga mai talla da kuma tseren latsa shafi, yana ba shi damar ɗaukar mako biyu kan kundi ɗaya ko ya ce bai yi kyau ba, sai dai masu biyan kuɗin su ne waɗanda dama sun riga sun kamu da son wannan kiɗa, yawancinsu manya masu albashi a biranen Amurka da Turai, yayin da matashin da bai taɓa jin sunan Warp ko Merge ba, wanda a da zai iya cin karo da sharhi kyauta ya sauya masa kunne, yanzu zai tarar da rubutu mafi inganci a bayan shingen biyan kuɗi.